Idan GDB Ta Ce Ba Ta San Sunan Ba: Yadda Ake Leƙa Cikin Kundin Dibaga

Duk wanda ya daɗe yana rubuta manhaja da C ko C++ a kan Linux ya san wannan amsa mai ban haushi. Kai ka rubuta fankshin ɗin da hannunka, ga shi kana kallonsa a layi na 40, ka ce wa GDB, dibagar da ake neman kurakuran manhaja da ita, ta tsayar da manhaja a kansa, sai ta mayar maka da Function "lissafa" not defined. Ko kuwa ka tambaye ta ƙimar wani bariyabul ta ce No symbol "jimla" in current context, wato ita dai ba ta san mai wannan suna a nan ba. Sau tari laifin naka ne. Ka manta saka -g, zaɓin da ke sa a ajiye wa dibaga bayanai, lokacin haɗa manhajar, ko ka saka -O2 na ƙara sauri, kwampaila, wato mai mayar da kod yaren na'ura, ta narkar da fankshin ɗin cikin wani. Amma akwai ranar da za ka duba komai ka ga daidai yake, kuma GDB ta kafe a kan ba ta san shi ba. A ranar ne tambaya take juyawa: dibaga ita ce ke leƙa cikin kowace manhaja, to ita kuma wa zai leƙa cikinta? An ce wanzami ba ya son jarfa, amma wannan wanzamin dole ya zauna a yi masa.

Sai an fara fahimtar abin da ake kira kundin sunaye. Furosesa ba ta san suna ba. Adireshi kawai ta sani, lambobi irin su 0x1149. Duk wani suna da ɗan Adam ya raɗa, na fankshin ne ko na bariyabul ko na nau'in bayanai, yana ɓacewa idan an mayar da kod yaren na'ura, sai fa in kwampaila ta rubuta shi a gefe. Wannan rubutun gefe a Linux da makamantanta yana bin tsarin da ake kira DWARF, wanda ake cusawa cikin fayil ɗin ELF, wato fayil ɗin manhajar da aka haɗa, a sassa irin su .debug_info da .debug_line. Tsarin ya daɗe: sigar 3 ta fito a 2005, ta 4 a 2010, ta 5 a 2017, kuma daga siga ta 11 ta kwampailar GCC sigar 5 ce ake samu idan mutum bai zaɓi wata ba. A cikinsa kowane abu yana da shigarwa guda da ake kira DIE, mai ɗauke da tambarin da ke faɗin ko mene ne shi, da sunansa, da inda ya fara da inda ya ƙare a ma'adana. Shigarwar suna zaune ne kamar iyali, uwa da 'ya'ya da jikoki: fayil ɗin kod shi ne kaka, fankshin ɗansa, bariyabul ɗin cikin fankshin jika.

Inda mutane da yawa suke kuskure shi ne zaton GDB tana amsa tambaya kai tsaye daga wannan rubutu. Ba haka ba ne. Tana karanta shi ne ta gina nata kundin a cikin ma'adanarta, kuma kundin hawa-hawa ne. Hawa na ƙasa shi ne ƙananan sunaye, waɗanda take tsinta daga .symtab da .dynsym na ELF, suna da adireshi kawai, babu layi babu nau'i. Su ne suke sa ka ga sunayen fankshin a jerin kiraye-kiraye ko da ba a saka -g ba. Hawa na sama shi ne cikakkun sunaye, masu nau'i da wuri da iyakar inda kowanne yake aiki, a jere cikin ɓangarori: na duniya baki ɗaya, na fayil guda, sannan na cikin kowane fankshin. Gina wannan hawa na sama yana cin lokaci da ma'adana sosai, domin a manyan manhajoji bayanan DWARF sukan ninka girman kod ɗin kansa sau da yawa. Shi ya sa aka sa hawa na tsakiya, fihirisa, wadda aikinta kawai ta ce suna kaza yana cikin fayil kaza. GDB ba ta buɗe fayil ta gina cikakkun sunayensa sai an tambaye ta wani abu da fihirisa ta ce yana ciki.

Wanda ya taɓa bin layi a ɗakin kati na asibiti ya san tsarin nan. Ma'aikaci yana da ƙaramin littafi mai suna da lambar fayil, fayilolin kuma suna can a kan kanta. Ba ya sauko da fayil sai mai shi ya zo. Idan aka rubuta sunanka ba daidai ba a littafin, zai ce maka ba ka da fayil, alhali ga shi can yana shan ƙura. Ka je ka nuna masa fayil ɗin a kan kanta, ka tabbatar da cewa yana nan, amma har yanzu ba ka san abin da aka rubuta a littafin ba.

Wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa kayan aikin waje ba su isa ba. Akwai readelf da zaɓin --debug-dump=info, akwai objdump da --dwarf, akwai llvm-dwarfdump. Dukkansu suna zazzage maka abin da kwampaila ta rubuta, shigarwa bayan shigarwa. Suna kawar da tuhuma ɗaya daga cikin uku: shin GCC ko Clang ta rubuta bayanin kuwa? Idan ta rubuta, saura biyu. Ko GDB ta karanta shi ta ajiye ba daidai ba, ko ta ajiye daidai amma hanyar bincikenta ta bi ta gefensa. Waɗannan biyun daga waje kamanninsu ɗaya, saƙon kuskurensu ma ɗaya. Babu yadda za ka raba su sai ka ga abin da ke cikin kan dibagar a daidai wannan lokaci.

GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, ta daɗe da tagogi na wannan leƙe, a ƙarƙashin umarnin maintenance, wanda kowa ke gajartawa maint. Da maint print msymbols kana ganin ƙananan sunaye. Da maint print symbols kana ganin cikakku, ɓangare bayan ɓangare. Da maint info symtabs kana ganin fayilolin da aka riga aka buɗe, da maint info line-table kuma kana ganin wane adireshi ne aka ɗaura wa wane layi. Yawancin kod ɗin da ke wannan aiki yana zaune a fayil ɗin symmisc.c. Sai kuma wani dangi daban, na set debug: set debug dwarf-read, set debug symtab-create, set debug symbol-lookup. Na farkon kamar hoto ne, suna nuna yadda kundin yake a tsaye. Na biyun kamar mai ba da labari ne yana bin ɗan aike, yana faɗin ya shiga nan, ya duba can, bai samu ba, ya wuce. Idan zarginka a kan ajiya yake, hoto kake so. Idan a kan bincike yake, labari kake so. Akwai ma na uku da ake yawan mantawa: GDB tana yin ƙorafi a ranta duk lokacin da ta ci karo da DWARF mara kyau, amma ba ta furtawa, domin set complaints a sifili yake tun asali. Ka ɗaga lambar ka ji abin da take haɗiyewa.

To me ya sa har yanzu ake ƙara sababbin tagogi? Domin cikin gidan yana canzawa. Shekaru masu yawa hawan tsakiya shi ne abin da ake kira psymtab, wato guntayen sunaye, kuma maint print psymbols ne tagarsa. A GDB 13, wadda ta fito a Fabrairun 2023, aka sauke wannan tsari ga DWARF aka ɗora sabuwar fihirisa da Tom Tromey ya rubuta, wadda masu aikin ke kira cooked index, dafaffiyar fihirisa ke nan. Ta fi sauri nesa ba kusa ba, musamman saboda tana raba karatun fayiloli ga ƙwaƙwalen furosesa da yawa a lokaci guda. Sai dai tsohuwar tagar ta koma tana kallon ɗakin da aka kwashe kaya. Ka buga maint print psymbols a kan manhajar DWARF ba za ka ga komai ba, ba don babu sunaye ba, sai don sun ƙaura. Da haka aka koya wa maint print objfiles zazzage abin da ke cikin sabuwar fihirisar.

Irin wannan gyara, idan ka gan shi a tarihin kod, ba ya ɗaukar ido. Babu kwaron da ya kashe, wato kuskuren kod da ya gyara, babu saurin da ya ƙara, layuka ne kawai na buga rubutu. Ni kuwa ina ganin yana cikin gyare-gyaren da suka fi wuyar yi da kyau, domin kowane layi hukunci ne a kan abin da mai bincike na gaba zai gani da abin da zai ɓuya masa.

Ɗauki batun suna. A C++ abu guda yana da sunaye har uku. Akwai wanda kwampaila ta rubuta a DWARF. Akwai wanda GDB ta daidaita shi zuwa salo guda, domin GCC takan rubuta long unsigned int a inda mutum zai buga unsigned long, kuma in ba a daidaita ba akwati<long unsigned int> da akwati<unsigned long> za su zama abu biyu. Sannan akwai sunan da mai haɗa fayiloli ya sani, wanda aka cukurkuɗa: fankshin lissafa mai karɓar int a cikin yankin suna shago yakan zama _ZN5shago7lissafaEi. Mai rubuta zazzagewa da ya ga dama ya buga suna ɗaya kawai, mafi kyawun gani, ya rufe ƙofa a kan duk wani kwaro da ke zaune tsakanin ɗanyen suna da daidaitacce. Shi ya sa ake buga su gefe da gefe, ko da a kashi mafi yawa iri ɗaya ne kuma suna cika allo.

Haka batun tambari. A cikin fayil lamba ce: 0x2e fankshin, 0x34 bariyabul, 0x39 yankin suna. Buga DW_TAG_subprogram ya fi buga 0x2e amfani ga ido, babu gardama. Amma lambar da ba za a taɓa bari ba ita ce wurin da shigarwar take a cikin .debug_info. Ita ce igiyar da ke ɗaure abin da GDB ta ajiye da abin da readelf ya nuna. In babu ita, kana da takardu biyu da ba su san juna ba.

Wurin da na fi daɗewa ina tunani a kai shi ne uwa, wato shigarwar da wata ke ƙarƙashinta. Sabuwar fihirisa ba ta ajiye shago::lissafa a matsayin dogon suna guda. Tana ajiye lissafa, da nuni zuwa ga uwarsa shago, sai a haɗa su lokacin bincike. A fankshin ɗin da aka rubuta shi a cikin yankinsa wannan ba wuya, uwar tana nan sama da shi. Amma C++ tana barin a ambaci fankshin a cikin aji, a rubuta jikinsa a waje. A DWARF jikin yakan zo da DW_AT_specification, yana nuni zuwa ga wata shigarwa, kuma uwar ta can ce uwarsa ta gaskiya. Mai karatu yana iya isa ga jikin kafin ya isa ga ambaton, don haka dole ya jinkirta, ya ce zan dawo. Idan kuma an haɗa manhajar da LTO, wato ingantawa a lokacin haɗa fayiloli, ko an matse bayanan da manhajar dwz, nunin yana iya tsallakawa zuwa wani fayil ɗin da wata ƙwaƙwalwar daban take karantawa a wannan lokacin. A nan ne ɗa yake iya tashi babu uwa, ko da uwar da ba tasa ba. Sakamakon ga mai amfani shi ne Function "shago::lissafa" not defined, alhali break lissafa kawai yana aiki. Zazzagewar da ta buga cikakken suna kaɗai za ta nuna maka akwai matsala. Wadda ta buga wace ce uwar, da nuninta, ita za ta nuna maka inda matsalar take.

Adireshi ma yana da nasa tarkon. Manhajojin yau a Linux yawanci PIE ne, wato ana iya ɗora su a ko'ina a ma'adana, adireshin da ke cikin fayil ba shi ne wanda manhaja ke zama a kai ba idan ta tashi. A x86-64, idan GDB ta kashe bazuwar adireshi kamar yadda take yi, 0x1149 na fayil yakan koma 0x555555555149. Idan zazzagewa ta buga lamba ba ta faɗi ko wacce ce ba, mai bincike zai kwana yana kwatanta abu da abin da ba shi ba. Sababbin sigogin maint info line-table suna buga duka biyun a ginshiƙai daban, kuma wannan shi ne daidai. Akwai makamancin haka a DW_AT_high_pc, wanda tun daga DWARF 4 zai iya zama tsawo maimakon adireshi. Abin da readelf ya nuna da abin da GDB ta lissafo ba lallai su yi kama ba, ko da babu kuskure ko ɗaya.

Sai babbar doka, wadda ta fi duk waɗannan: mai leƙe kada ya taɓa kaya. Tunda GDB ba ta buɗe fayil sai an tambaya, halin da take ciki ya dogara da tambayoyin da aka riga aka yi mata. Akwai kwari da suke bayyana kawai idan umarninka shi ne na farko. Ka fara buga list ko info line a wani wuri, fayil ɗin ya buɗu, cikakkun sunaye suka samu, sai umarnin da ya ƙi aiki ɗazu ya yi aiki. Masu kai rahoto sukan ce abin yana zuwa yana tafiya, alhali ba haka ba ne, tsarin umarninsu ne ya canza. Yanzu ka ɗauka kod ɗin zazzagewa ya kira hanyar bincike ta yau da kullum don ya samo wani suna mai kyawun bugawa. Wannan kiran zai buɗe fayil. Ka zo duba ciwo, dubawar ta warkar da shi na ɗan lokaci, ka tashi da takardar da ke cewa lafiya lau. Shi ya sa kod ɗin leƙe ya kamata ya zama mara wayo da gangan: ya bi jeri, ya buga abin da ke ciki, kada ya lissafa komai da zai iya guje wa lissafawa. Kuma shi ya sa buɗewa take da nata umarnin daban, maint expand-symtabs, da zaɓin -readnow mai sa GDB ta karanta komai tun farko. Wannan zaɓin shi kansa gwaji ne mai arha. Idan matsala ta ɓace da -readnow, to kusan tabbas fihirisa ce mai laifi, ba cikakkun sunaye ba.

Dokar tana da inda take cijewa. Sabuwar fihirisa tana ƙarasa wani sashe na aikinta a bayan fage, GDB ta ba ka wurin buga umarni alhali wasu ƙwaƙwalen suna can suna jera sunaye. Zazzagewa ba za ta karanta jerin da ake kan rubutawa ba, dole ta jira a gama. Jiran kuwa taɓawa ne. Idan kwaron na tsere ne, wato yana faruwa ne saboda wani ya riga wani, hoton da aka ɗauka bayan kowa ya gama ba zai nuna shi ba. A nan sai a koma ga mai ba da labari, ko a rage ƙwaƙwalen da maint set worker-threads 0 a ga ko abin zai canza. Ban ga laifin tagar a nan ba. Abin da ake buƙata kawai shi ne mai amfani da ita ya san iyakarta.

Sauran lamuran ƙanana ne, amma su ne suke raba aikin da aka yi da kula da wanda aka yi a gurguje. Zazzagewar babbar manhaja tana iya kai miliyoyin layuka, don haka dole a iya tura ta fayil, a iya taƙaita ta ga fayil ɗin kod guda, kuma madaukin ya riƙa duba ko an danna Ctrl-C, abin da kod ɗin GDB yake yi da QUIT. Nunin cikin ma'adanar GDB kanta, irin lambobin nan da ke canzawa duk lokacin da aka tashe ta, suna ɓata kwatanta zazzagewa biyu da diff, manhajar da ke nuna bambancin fayiloli biyu. Duk da haka ba a cire su, domin mai gyaran GDB yakan ɗora wata GDB a kan wadda yake bincike, wadda suke kira top-gdb, kuma da wannan lambar ce zai kama abin da hannu ya duba shi ciki da waje. Farashin shi ne gwaje-gwajen DejaGnu, tsarin da ake gwada GDB da shi, irin su gdb.base/maint.exp dole su dace da siffar layi ba da ainihin lambobin ba. Kuma duk wanda ya rubuta wata manhaja tana karanta sakamakon umarnin maint ya gina gida a kan rairayi, domin babu wanda ya yi alkawarin siffarsa ba za ta canza ba. Ga LLDB ma, wata dibaga daban, labarin ɗaya ne da wasu sunaye: image dump symtab don hoto, log enable dwarf don labari.

A ce ga mai rahoto ya zo da ƙorafin shago::lissafa. Mai gyara zai ce masa ya tashi GDB sabuwa, kada ya buga komai sai maint print objfiles, ya tura sakamakon. A ciki za a nemo lissafa, a ɗauki lambar wurinsa a .debug_info, a buɗe readelf a wannan lambar. Can za a ga DW_AT_specification yana nuni zuwa wata shigarwa a wani fayil, wadda ke zaune ƙarƙashin shago. A dawo ga zazzagewar GDB, a duba layin uwa, a same shi babu kowa. Kwampaila ta fita, hanyar bincike ta fita, saura guntun kod ɗin da ke cika alkawarin zan dawo.